Yadda Taruka Ke Riƙe da Otal-otal a Birnin Kebbi

Otal na birni abu uku yake sayarwa: ɗakin kwana, abinci, da wurin da jama'a za su zauna su yi taro. A garuruwan da masu yawon buɗe ido ke tururuwa, ɗakin kwana ne kan gaba, sauran biyun suna biye. A Birnin Kebbi, kamar yawancin hedikwatocin jihohin Arewa maso Yamma, abin a juye yake. Ba kasafai mutum ke niƙo gari ya zo don hutawa kawai ba. Wanda ya kama ɗaki, galibi wani aiki ne ya kawo shi, ko bita, ko zaman kwamiti, ko taron jam'iyya, ko ɗaurin aure. Shi ya sa idan zauren taro ya yi mako guda a kulle, a ɗakunan kwana da kicin ake fara ganin alamar.

Dalilin da ya sa masu otal ke farautar taro a fili yake. Ɗakin otal ba buhun shinkafa ba ne da za a jibge a sito a jira farashi ya tashi. Daren da ya wuce babu kowa a ciki, kuɗinsa ya tafi ke nan, alhali albashin ma'aikata da man janareto da ladan maigadi suna nan suna jira. Baƙon da ke zuwa shi kaɗai ba a san ranar zuwansa ba, kuma yana iya ajiye jakarsa ya fita ya ci tuwo a cikin gari. Taro kuwa da wasiƙa yake zuwa, da rana, da adadin mutane, wani lokaci har da kafin alƙalami. Tun saura mako biyu manaja ya san kaji nawa zai saya da litar man dizal nawa zai tanada. Sannan ɗan taro ba ya fita: a nan zai karya kumallo, a nan zai sha shayi, a nan zai ci na rana, kuma duk a takarda ɗaya za a biya.

Daga gidan fatoma zuwa zauren taro

Saukar baƙon da ya zo neman kuɗi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Gwandu. A ƙarni na 19 kasuwar Jega tana cikin manyan zangunan fataken da ke bin hanyar Gwanja su sayo goro. Falke yakan sauka a gidan fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan aka yi bashi. Ribar fatoma ba a kan shimfiɗa take ba, a kan cinikin da aka ƙulla a zaurensa take, ta hanyar la'ada. Otal ɗin yau da ke rayuwa da taruka ya fi kusa da wannan tsari fiye da yadda masu shi ke zato.

Turawan mulkin mallaka sun kawo gidajen saukar baƙi na gwamnati don jami'ai masu rangadi, aka ci gaba da su bayan samun 'yancin kai. Amma har tsawon shekaru manyan otal-otal na yankin a Sakkwato suke, irin su Giginya da Shukura, domin can ne fadar gwamnati. Abin ya sauya ne a ranar 27 ga Agustan 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Kebbi daga Sakkwato. Dare ɗaya Birnin Kebbi ta tashi daga mazaunin Sarkin Gwandu da hedikwatar ƙaramar hukuma ta koma gari mai gidan gwamnati da ma'aikatu da ofisoshin hukumomin tarayya. Kowace ma'aikata tana da baƙi, kowane baƙo yana neman wurin kwana.

Daga nan cibiyoyi suka yi ta ƙaruwa. Ban da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ta girmi jihar, ga jami'ar jiha da aka kafa a Aliero a 2006, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta 2013 wadda mazauninta na dindindin ke hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga babban asibitin da jiha ta gina a Kalgo, ga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a Ambursa. Jami'a kaɗai tana jawo baƙi iri-iri a shekara: masu tantance kwasa-kwasai, malaman da ke zuwa duba jarabawa daga wasu jami'o'i, 'yan majalisar gudanarwa, iyayen ɗalibai ranar yaye. Sai kuma shinkafa. A ranar 17 ga Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Kebbi. A ƙarshen 2016 shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa, a 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ban da na Labana da ke Birnin Kebbi. Shekarun da suka biyo baya jami'an banki da dillalan taki da injiniyoyin famfon ban ruwa sun zama sanannun fuskoki a teburin karɓar baƙi.

Masu kiran taro

Gwamnati ce babbar mai kiran taro, amma ba ita ce wadda mai otal ya fi so ba. Manyan bukukuwanta, kamar rantsar da kwamishinoni ko karɓar baƙon Abuja, a nata wuraren take yi, musamman zauren Masaukin Shugaban Ƙasa, idan gangami ne kuma a filin wasa na Haliru Abdu. Abin da ke faɗowa otal shi ne kwanan 'yan rakiya da bitar ma'aikata. Ga kuma jinkirin biya. Takardar neman kuɗi tana iya yin watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur, alhali mai kaji da mai man dizal ba su san jira ba. Duk da haka ba mai otal da zai juya wa ma'aikata baya, domin bashi hanji ne, kuma wanda ya ƙi taron bana ba zai ga wasiƙar baɗi ba.

Taron da ya fi daraja a idon manaja shi ne na ƙungiyoyin ba da tallafi da shirye-shiryen da Bankin Duniya ko hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ɗaukar nauyi. Ofishin UNICEF na Sakkwato shi ke kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Kebbi tana cikin jihohi 7 na farko da aka fara shirin AGILE na ilimin 'yan mata. Hukumar USAID ta Amurka ta daɗe tana da ayyukan lafiya da na noma a jihar kafin a rufe ta a 2025. Ga riga-kafin shan inna, ga rabon maganin zazzaɓin cizon sauro ga yara ƙanana a watannin damina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da bita yake farawa, da bita yake ƙarewa. Waɗannan masu taro suna da tsanani wajen takarda: sai an kawo farashin otal biyu ko uku an gwada, sai jami'in tsaronsu ya zagaya ya duba katanga da ƙofar fita da na'urar kashe gobara, sai rasit ya dace da adadin waɗanda suka sa hannu. Amma idan takarda ta cika, kuɗi yana shiga asusu ba tare da an yi ta sintiri ba. Sunayen wurare irin su Saffar da Azbir da ke yawan fitowa a labaran bita daga Birnin Kebbi, a wannan kasuwa suka yi suna.

Irin wannan bita hawa-hawa ake yin ta, kuma sanin hawan shi ne sanin inda kuɗin otal ya tsaya. Jihar tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225. Hawa na farko shi ne horar da masu horarwa: a ɗauko mutum biyu ko uku daga kowace ƙaramar hukuma a tara su a Birnin Kebbi. Wannan ne rabon otal. Hawa na biyu, waɗanda aka horar su koma su tara nasu mutanen a zauren majalisar ƙaramar hukuma, a Gwandu ko Kalgo ko Bunza. Hawa na uku a mazaɓa ake yi, a gari kamar Kambaza ko Dalijan ko Malisa, a ajin firamare ko farfajiyar asibitin sha-ka-tafi, abinci kuma daga hannun wata mai tuwo ta garin. Mafi yawan mutanen da shirin ke horarwa ba sa taka ƙofar otal. Ɗan ƙaramin kason da ke saman shi ke riƙe da zaurukan birni.

Safiyar bita kamanninta ɗaya ne a ko'ina. A bakin ƙofa akwai tebur da takardar rajista mai layi-layi: suna, ƙaramar hukuma, lambar waya, lambar asusun banki, sa hannu. Kowa a miƙa masa biro da ƙaramin littafi. A ciki an jera tebura an lulluɓe su da farin ƙyalle, ruwan gora a gaban kowace kujera, majigi yana haska bango, wani yaro yana bubbuga makirufo yana gwaji. An rubuta ƙarfe 9, amma sai babban baƙo ya iso a buɗe da addu'a. Wajen ƙarfe 11 a fita shan shayi, a tashi sallar azahar a haɗa da abincin rana, kafin la'asar hankalin rabin zauren ya koma kan takarda ta biyu, wato ta kuɗin mota. Ba abin dariya ba ne ga ma'aikacin lafiya na ƙauye wanda ya ranto kuɗin da ya hau mota ya zo. Otal ɗin da ya san aikinsa yana da masallaci mai ɗaukar mahalarta da wurin alwala mai ruwa, da wuri na daban ga mata, domin taron da aka tsaya layin buta minti 40 ya riga ya ɓata jadawalinsa.

Siyasa nata kasuwar da zafi take zuwa, ta wuce da sauri. Lokacin zaɓen fid da gwani ana kama ɗakuna da yawa a ajiye deliget, a tsare su daga idon abokin hamayya. Lokacin babban zaɓe ga masu sa ido, ga 'yan jarida, ga jami'an tattara sakamako. A 2023 kakar ta yi tsawo a Kebbi, domin zaɓen gwamna na 18 ga Maris bai kammalu ba, sai da aka ƙarasa shi ranar 15 ga Afrilu, bayan nan kuma lauyoyi suka karɓi ɗakunan. Kuɗin siyasa yana da yawa kuma a hannu ake biya, amma yana tafe da fashewar gilashi da kujerun da za a kai wa kafinta, kuma ba a gina otal a kan abin da ke zuwa sau ɗaya a shekara huɗu.

Kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda a Legas ko Kano su ne ƙashin bayan wannan kasuwa, a nan rabonsu kaɗan ne: banki ya tara manajojin rassa, kamfanin waya ya gana da dillalansa, mai sayar da iri ko maganin feshi ya kira shugabannin manoma kafin noman rani. Yawanci yini ɗaya ne.

Sai biki. Ɗaurin aure har yanzu a masallaci ko ƙofar gida ake yi, amma dina da walima da kamu na masu hali sun koma zaure. Biki yana cika Juma'a da Asabar, ranakun da ma'aikatu da ƙungiyoyi ba sa taro, don haka shi ke toshe giɓin mako. Idan auren 'yar wani babba ne, baƙin Abuja da Kaduna da Sakkwato sukan cinye ɗakunan gari. Akwai wani abu da ya ƙara wa zaure da kicin nauyi a nan. Jihar tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, don haka kuɗin mashaya, wanda otal na Legas ko Fatakwal ke dogaro da shi sosai, ba ya cikin lissafin mai otal na Birnin Kebbi.

Wa zai kwana, wa zai koma gida

Ribar taro tana rataye ne a kan tambaya ɗaya: mahalarta za su kwana ko za su koma gida? A ɗauki misalin bitar mutum 60 ta kwana 3. Idan ta kwana ce, otal ya sayar da daren ɗaki 180, da abinci sau uku a rana, da shayi sau biyu, da hayar zaure. A irin wannan ciniki manaja yana iya rage kuɗin zauren sosai, ko ya bar shi kyauta, domin ya ci riba a wani wuri. Idan ta jeka-ka-dawo ce, ɗakunan da zai samu ba su wuce na masu horarwa su huɗu ko biyar da suka zo daga Abuja ba, abinci kuma na rana ne kawai. Mutanen ba su ragu ba, hayaniyar ba ta ragu ba, man da janareto zai sha bai ragu ba, amma kuɗin ya zube ƙasa da rabi.

A nan taswirar jihar take shiga lissafi. Wanda ya fito daga Zuru ko Yawuri ko Danko-Wasagu ya yi tafiyar sa'o'i, dole a ba shi makwanci. Wanda ya fito daga Kalgo, ko Jega, ko Aliero, ko Kambaza da Gwandu, yana iya sallar asuba a gida ya iso kafin a buɗe taro, ya koma kafin isha'i. Masu shirya taro sukan ja layi: na nesa a kama masa ɗaki, na kusa a ba shi kuɗin mota. Kuma ko na nesan, idan aka ba shi zaɓi, sau da yawa ya fi son a damƙa masa kuɗin kwanan a hannu ya je ya sauka gidan ɗan'uwa ko abokin karatu. A garin da kusan kowa ke da wanda zai buɗe masa zaure, babban abokin gasar otal ba wani otal ba ne, gidan dangi ne.

Ciniki tsakanin mai shirya taro da manaja shi ma ya sauya salo. Da can tambayar farko ita ce zauren mutum nawa yake ci. Yanzu mai shiryawa zai ce, "Yallaɓai, wannan farashin da wuta ne ko babu wuta?" Manaja ya amsa, "Ranka ya daɗe, da janareto daga tara zuwa biyar. Abin da ya haura, sai a ƙara na mai." Kafin 2022 ba kowa ke rubuta sa'o'in wuta a takardar farashi ba.

Kalandar shekara

Buƙatar zaure ba ta tafiya bai ɗaya. Janairu da farkon Fabrairu sukan yi sanyi, domin ba a fara sakin kuɗin sabon kasafi ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, zauren da na'urar sanyaya ɗakinsa ba ta da ƙarfi ba ya samun ciniki, wanda yake da ita kuma yana ƙona mai ninki. Watan azumi taron yini yana raguwa ƙwarai, wanda aka yi ma ba shayi ba abincin rana, sai dai a ƙulla wa mutane a roba su tafi da shi. Abin da ke ɗan maye gurbi shi ne buɗa-baki na ƙungiyoyi da 'yan siyasa. Da yake azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, wannan giɓi yawo yake yi a cikin kalanda. Gab da azumi da bayan sallah kuwa aure ake ta ɗaurawa. Jigilar alhazai tana kawo nata baƙin, kamar a Mayun 2024 da jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi daga filin jirgin Kebbi. Kakar gaske ita ce watanni ukun ƙarshen shekara, lokacin da ma'aikatu da ƙungiyoyi ke rige-rigen kammala ayyukan da aka ware wa kuɗi kafin a rufe littafi, ga kuma bukukuwan Disamba. A wannan lokaci ana iya samun taro uku suna neman zaure ɗaya a rana ɗaya.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, shi ne lokacin da ɗakunan Argungu ba sa isa, baƙi su malalo Birnin Kebbi har Sakkwato. Amma kwanaki kaɗan ne, kuma ya taɓa yin kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a Maris ɗin 2020. Bukukuwan Uhola na Zuru da Rigata na Yawuri sun yi nisa da hedikwata, amfaninsu ga otal ɗinta kaɗan ne.

Abin da ya sauya tun 2020

Makonni kaɗan bayan wancan biki na Argungu annobar korona ta rufe ƙasa. An hana taruwa, an hana tafiya tsakanin jihohi, jiragen cikin gida ba su dawo ba sai Yuli. A duniya baki ɗaya, kuɗin da ake kashewa a tafiye-tafiyen aiki, wanda ya kai kimanin dala tiriliyan 1.4 a 2019, ya faɗi da fiye da rabi a 2020, bai kuma koma matsayinsa ba sai wajen 2024. Manhajar Zoom ta tashi daga mahalarta miliyan 10 a rana a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. A Najeriya ma majalisar zartarwa ta tarayya ta koma zama ta intanet. An yi ta hasashen cewa zauren taro ya mutu.

Bai mutu ba, musamman a wuri irin Kebbi. Ba a koya wa ungozoma ko malamin gona aikin hannu ta waya, ga raunin sabis a ƙauyuka, ga tsadar data, ga kuma al'adar da ba ta ɗaukar magana da nauyi sai an ga fuskar mai yin ta. Abin da intanet ya cinye shi ne ƙananan zama: taron duba aiki na wata-wata, ganawar share fage, jami'in Abuja da a da zai zo ya kwana biyu don jawabin minti 30. Yanzu a bango ake ganinsa. Wannan ya rage wa otal baƙin da suka fi biyan ɗaki mai tsada, ya kuma ɗora masa sabon nauyi, domin mai shirya taro yana tambayar ƙarfin intanet da ingancin lasifika kafin ya tambayi abinci.

Bugun da ya fi korona daɗewa shi ne tsada. Litar man dizal ta tashi daga wajen naira 300 a farkon 2022 zuwa wajen 800 a ƙarshen shekarar. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. Kasafin bita kuwa tun farkon shekara aka rubuta shi, ba ya bin kasuwa. Mai shiryawa yana da hanyoyi kaɗan, kuma duk ya bi su: bitar kwana 5 ta koma 3, ta kwana ta koma ta yini, shayi biyu ya koma ɗaya, mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma suka koma biyu. Wasu shirye-shiryen sun daina tara kowa a hedikwata, suna raba bita shiyya-shiyya, a yi ta tsakiya a Birnin Kebbi, ta arewa a Argungu, ta kudu a Yawuri ko Zuru, don rage kuɗin mota da na kwana. Taruka ba su ƙare ba, sun gajarta ne, sun ƙanƙance, kuma sun fi zuwa a ƙurarren lokaci.

A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, zuwa Yulin shekarar aka rufe USAID. An fi maganar illar wannan ga magunguna da ma'aikatan lafiya, kuma nan ne illar ta fi muni. Amma ta taɓa zaurukan Birnin Kebbi da Sakkwato da Bauchi ma, domin abokin cinikin da ya fi kowa biya a kan lokaci shi ne ya ja baya. Otal ɗin da ya saba rabin kalandarsa a hannun shiri ɗaya ko biyu yake, shi ya fi jin jiki.

Tsaro da iyaka su ma suna da hannu. Sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021 da bayyanar 'yan bindigar Lakurawa a arewacin jihar a ƙarshen 2024 sun sa ƙungiyoyi da yawa sun tsaurara dokar tafiya: ba tafiyar dare, ba kwana a wasu ƙananan hukumomi. Wani ɓangare na wannan ya amfani hedikwata, domin taron da a da za a kai karkara yanzu birni ake kawo shi. Wani ɓangaren ya cutar da ita, domin taron shiyya da zai iya zuwa Kebbi sai a kai shi Abuja ko Kano inda jirage suka fi yawa. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ya rage 'yan kasuwa da jami'an da ke shigowa ta Kamba daga Gaya da Dosso.

Gasa da gyaran da ake yi

Otal ba shi kaɗai ke da zaure ba yanzu. Wuraren biki masu zaman kansu, waɗanda ba su da ɗakin kwana ko ɗaya, sun ƙwace kaso mai yawa na dina da walima, domin suna barin mai biki ya kawo nasa mai girki da nasa mai ƙawata wuri. Jami'a da kwaleji suna ba da hayar nasu zaurukan da araha. Da yawan masu otal sun sassauta dokar hana shigo da abincin waje, suna karɓar kuɗin zaure da na wuta kawai, gara rabin ciniki da zaure a kulle.

Ana yawan jin cewa abin da jiha ke buƙata shi ne katafaren otal da babbar cibiyar taro. Tarihin yankin yana kiran a yi hattara. An gina otal ɗin Durbar na Kaduna don hawan dabar bikin FESTAC na 1977, ya yi shekaru a yashe cikin shari'a, aka rushe shi a Janairun 2020. Yamai ta sami sabbin manyan otal-otal, ciki har da Radisson Blu, don taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, sai ga korona, sai ga juyin mulki da takunkumi. Babban taro na kwana uku yana iya sa a yi gini, amma ƙananan tarukan Talata da Laraba ne ke biyan albashi. Abuja tana cika Transcorp Hilton da Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa ne domin ma'aikatu da ofisoshin jakadanci da hedikwatar ECOWAS suna gefensu duk shekara.

Gyaran da ya dace da kasuwar Birnin Kebbi ƙanana ne, kuma wasu masu otal sun fara su. Ana raba babban zaure da bangon katako mai naɗewa don a ɗauki taron mutum 30 guda biyu a maimakon jiran na mutum 300. Ana sa faranti da batirin sola su riƙe fitilu da fanka da majigi da intanet, a bar wa janareto na'urorin sanyaya ɗaki kawai. Ana yanka farashi a kan kowane mutum a yini, wanda ya haɗa zaure da shayi da abincin rana da ruwa, domin shi ne lissafin da akawun ƙungiya ya fi saurin amincewa da shi. Takardar farashi kuma ba ta wuce mako biyu ko wata ɗaya take aiki ba. Kicin yana fita waje: idan bita ta koma zauren ƙaramar hukuma a Kalgo ko Gwandu, otal na iya bin ta da kuloli a bayan mota. Sayayya ma ta matso kusa, albasa daga Aliero, shinkafa daga masu casa na cikin jiha, kifi daga Yawuri ko Argungu, kaji da ƙwai daga gonakin gefen gari, kuma yawanci sai an ga kafin alƙalami ya shiga asusu kafin a aika kasuwa.